Gani Ya Kori Ji? Tunani A Kan Wata Lamba Gagara-Rabo

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Magana ce mai kyau, ta kuma sha raba gardama a kasuwa da gaban alƙali. Amma a cikin wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina wani abu wanda ido ba zai ƙare ganinsa ba, kunne kuma ba zai ƙare jinsa ba, duk da haka masana suka ce sun san halinsa, sani irin wanda babu tantama a cikinsa. Abin nan kuwa wata lamba ce.

Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant shi ya gano ta a cikin watan Oktoba na shekarar 2024. Ga yadda ake samunta. A ɗauki 1 a ninka shi ya zama 2, a sake ninkawa ya zama 4, sa'an nan 8, 16, 32, a yi ta yi har a cika ninki sau 136,279,841, daga nan sai a ɗebe 1 daga abin da aka samu. Kamar yadda lambar 127 take da alƙaluma uku, to wannan alƙalumanta 41,024,320 ne. Da mutum zai zauna yana karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi kwana wajen 475 kafin ya kai ƙarshenta. Da kuma za a buga ta a takarda, kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000, sai ta ci shafi fiye da 13,600.

Abin da masana lissafi suka ce game da ita shi ne, duk cikin lambobi babu wadda za ta raba ta daidai ba saura, sai 1 da ita kanta. To, tambayar da nake so mu tattauna ita ce: da wane baki mutum zai ce ya san haka? Kuma mene ne bambancin wanda ya ce "na sani" da wanda ya ce "ina zato"? A ganina wannan tambaya ta wuce ajin lissafi, ta shafi halin duk wanda ake kira mai ilmi.

Mece Ce Gagara-Rabo?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. A ce an ba ka goro 12 ka raba wa mutane, kowa ya sami daidai da na ɗan'uwansa, ba tare da ka fasa ko ɗaya ba. Kana iya raba wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. In kuwa goron 13 ne, to hanya biyu kawai gare ka: ko ka ba mutum ɗaya duka, ko ka tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irin wannan lamba Larabawa suke kira adadi awwal, watau lamba ta fari, sunan da Turawa suka ba ta ma ma'anarsa ke nan. Ni a nan zan kira ta gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. Akwai 25 a ƙasa da ɗari, 168 a ƙasa da dubu, 78,498 a ƙasa da miliyan.

Dalilin da ya sa aka ce da su na fari shi ne, kowace lamba da ta fi 1, in ba gagara-rabo ba ce, to da su aka gina ta, kuma ta hanya ɗaya tak. Alal misali 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ba kuma wani gini da zai ba da 60 sai wannan. Ashe ke nan su ne tubalin ƙidaya duka.

Mai karatu zai lura cewa in ana hawa sama suna ƙara ƙaranci. Shin akwai inda za su ƙare? Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami a birnin Iskandariyya ta Masar, wanda littattafan Larabci suke kira Uƙlidis, ya amsa wannan tambaya. Ga hujjarsa a taƙaice. Kawo duk gagara-rabon da ka tara, kome yawansu, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Sabuwar lambar da ka samu, duk wadda ka ɗauko daga cikin tarin naka ka raba ta da ita, sai 1 ya yi saura. Saboda haka ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wata gagara-rabo mai raba ta wadda ba ta cikin tarinka. Gwada da 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ninkinsu 30,030, a ƙara 1 ya zama 30,031. Wannan tana rabuwa, amma masu raba ta su ne 59 da 509, duka biyu baƙi ne a tarin. Kowane tari ka kawo haka za a yi maka, watau dai ba su da iyaka.

A duba abin da ya faru a nan. Uƙlidis bai ga lambobin duka ba, ba kuwa wanda zai taɓa ganinsu duka, amma ya san ba su ƙarewa, mu ma da muka bi sawun hujjarsa yanzu mun sani. Wannan sani bai zo ta ido ba, bai kuma zo ta "an ce" ba. Hankali ne ya taka mataki bayan mataki har ya isa. Wannan ke nan.

Dangogin Gagara-Rabo

Masana sun kasa waɗannan lambobi dangi-dangi. Akwai tagwaye, watau biyu waɗanda 2 ce kawai tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 41 da 43. Akwai dangin da aka sa wa sunan wata masaniya Bafaransa, Sophie Germain, su ne waɗanda in an ninka su aka ƙara 1 sai a sake samun gagara-rabo, kamar 11 da take haifar 23. Lambar da muke magana a kanta kuwa tana cikin dangin Mersenne, watau waɗanda ake samu in an yi ta ninka 1 sa'an nan a ɗebe 1. Ninki biyu ban da ɗaya ya ba da 3, ninki uku ya ba da 7, ninki biyar 31, ninki bakwai 127.

Wannan dangi yana da wata baiwa tun zamanin Uƙlidis. Akwai lambobin da ake kira kammalallu, su ne waɗanda in aka tara duk masu raba su, ban da su kansu, sai a sake samun lambar. Masu raba 6 su ne 1, 2 da 3, jimlarsu 6. Masu raba 28 su ne 1, 2, 4, 7 da 14, jimlarsu 28. Na gaba su ne 496 da 8,128. Uƙlidis ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta wannan dangi tana haifar kammalalliya guda: 3 sau 2 ya ba da 6, 7 sau 4 ya ba da 28, 31 sau 16 ya ba da 496. Bayan shekara wajen dubu biyu Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya nuna cewa duk kammalalliyar da take rabuwa biyu ta wannan hanya ta fito. Saboda haka ranar da Durant ya gano tasa lambar, ya gano sabuwar kammalalliya tare da ita.

To, sai mu koma ga jerin: ninki 2, 3, 5 da 7, duka sun ba da gagara-rabo, kuma su kansu 2, 3, 5 da 7 gagara-rabo ne. Mai gaggawa sai ya ce shi ke nan, an gano doka: in yawan ninkin gagara-rabo ne, abin da zai fito ma haka. Rabin maganar gaskiya ce, domin an tabbatar cewa in yawan ninkin yana rabuwa, to abin da zai fito ma dole ya rabu. Ɗaya rabin kuwa ya rushe tun a mataki na gaba. Ninki 11 ban da ɗaya shi ne 2,047, wanda yake 23 sau 89. Shaidu huɗu sun tsaya, na biyar ya zo ya warware zancen.

Manya Ma Sun Yi Zato

Kada a ɗauka masu ƙaramin sani kaɗai ke faɗawa wannan rami. Pierre de Fermat, alƙali ne a Faransa kuma gwanin lissafi, a wajen shekarar 1640 ya dubi wani jeri: 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukkansu gagara-rabo ne, sai ya ƙudurta cewa duk waɗanda za su biyo baya a jerin haka suke. A shekarar 1732 Euler ya ɗauko ta shida, 4,294,967,297, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Tun daga nan duk wadda aka iya tantancewa a wannan jeri sai a tarar tana rabuwa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A wajen lambobi kuwa arba'in ɗin ma ba ta isa ba.

Shi ma Marin Mersenne, limamin Kirista Bafaranshe wanda dangin ya ci sunansa, a shekarar 1644 ya buga jerin ninkin da ya ce su kaɗai ne suke ba da gagara-rabo har zuwa 257: su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Sai da aka shafe shekara wajen ɗari uku kafin a gama bin jerin, aka tarar 67 da 257 ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Kuskure biyar ke nan. Amma ya dace a kan 31, wadda Euler ya tabbatar a 1772, watau 2,147,483,647, ya kuma dace a kan 127.

Anan ne karin maganar nan tamu take da zurfi, wadda ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mersenne ya faɗi gaskiya game da ninki 127, amma bai san ta ba. Wanda ya san ta shi ne Édouard Lucas, wanda a shekarar 1876 ya tabbatar da ita da hannu, lamba mai alƙaluma 39. Maganar mutanen biyu ɗaya ce, harafi da harafi, amma ɗaya ya harba kibiya cikin duhu ta dace, ɗayan ya kunna fitila. Lambar Lucas ta riƙe kambin girma har shekarar 1951, lokacin da injunan lissafi suka shigo fagen.

Game da ninki 67 kuwa, labarinsa ya fi daɗi. An riga an gane cewa tana rabuwa, amma ba a san masu raba ta ba. A shekarar 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya fito gaban allo. An ruwaito cewa bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe guda, ya sami 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta fito daidai, ya koma ya zauna. Bai nemi kowa ya yarda da shi don girmansa ba. Ya ajiye abin a gaban jama'a, duk mai alli ya gwada.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Yanzu sai mu dawo ga tamu lambar. Ta yaya za a gwada ta? Hanyar da aka koya mana a firamare ita ce a yi ta rabawa da 2, da 3, da 5, har a gaji. Wannan hanya ba za ta yi ba, domin sai an gwada har zuwa wata lamba mai alƙaluma fiye da miliyan ashirin, alhali kuwa ƙiyasin masana na yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ake iya hangowa bai wuce lamba mai alƙaluma tamanin da 'yan kai ba. Ko duk kwamfutocin duniya sun taru, ba za su ko kama hanyar gamawa ba.

Saboda haka ake bi ta wata ƙofa. Fermat ɗin nan dai ya gano wata alama da kowace gagara-rabo take ɗauke da ita, in ban da 2. Ɗauki 7. Yi ninki shida, watau ƙasa da ita da ɗaya, ka sami 64. Raba 64 da 7, saura 1. Duk gagara-rabon da ka gwada haka, saura 1 za ka samu. Gwada 9, wadda take rabuwa: ninki takwas 256, a raba da 9, saura 4, asirinta ya tonu. Wannan gwaji yana da sauri ainun, kuma duk lambar da ta faɗi shi, to tabbas tana rabuwa, ko da ba a san mai raba ta ba.

Matsalar tana wajen waɗanda suka ci gwajin. Lambar 341 ta ci shi sarai, alhali 11 sau 31 ce. Ita ma 2,047 da muka kama ɗazu ta ci shi. Ana iya sauya gwajin, maimakon a riƙa ninkawa biyu-biyu a riƙa yi uku-uku ko biyar-biyar, sai a kama da yawa daga cikinsu. Amma akwai ƙwararrun mayaudara. Masu karatun rabon gado sun san abin da ake kira tabayuni, watau lambobi biyu waɗanda babu mai raba su tare sai 1. To lambar 561, wadda take 3 sau 11 sau 17, da kowace lamba ka gwada ta, muddin akwai tabayuni tsakaninsu, sai ta ba ka saura 1, kamar dai gagara-rabo ta ainihi. Robert Carmichael ya yi bayanin irinsu a 1910, a shekarar 1994 kuma aka tabbatar cewa su ma ba su da iyaka.

Don haka masana suka buɗe aji biyu. Lambar da ta ci irin wannan gwaji suna kiranta gagara-rabo bisa zato. Ba ta shiga ajin tabbatattu sai an kawo hujjar da ba ta da ƙofar ɓeraye. A ganina wannan rabo shi ne mafi muhimmanci duk cikin rabe-raben da na ambata, domin sauran suna bayyana halin lamba ne, shi kuwa wannan yana bayyana halin mai magana, watau iyakar abin da ya sani.

Dangin Mersenne sun yi sa'a, suna da gwaji na musamman wanda Lucas ya faro, Derrick Lehmer ya kammala a 1930. Mai karatu na iya yinsa da fensir. Ɗauki 31, watau ninki biyar ban da ɗaya. Fara da 4. Ninka ta da kanta ka ɗebe 2, ka sami 14. Ninka 14 da kanta ka ɗebe 2, ka sami 194, ka raba da 31, saura 8. Ninka 8 da kanta ka ɗebe 2, ka sami 62, ka raba da 31, ba saura. Mataki uku ke nan, watau ƙasa da yawan ninkin da biyu. An tabbatar da hujja cewa in aka ƙare ba saura, lambar gagara-rabo ce, in kuwa da saura, tana rabuwa. Gwada 2,047, bayan mataki tara za ka ƙare da 1,736, ta faɗi. A nan babu wurin mayaudari.

Kwana Ɗaya Tsakanin Zato Da Sani

Tun shekarar 1996 wani mai suna George Woltman ya kafa wata ƙungiya ta 'yan sa-kai mai suna GIMPS, inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke ba da aron kwamfutocinsu ta intanet don farautar dangin Mersenne. A cikinta Durant ya yi aikinsa, ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe 17. Ran 11 ga Oktoba, 2024, wata na'ura a birnin Dublin ta ba da labari cewa lambar ta ci gwajin Fermat. Kashegari, ran 12 ga wata, wata na'urar a San Antonio ta jihar Texas ta gama gwajin Lucas da Lehmer, mataki 136,279,839, aka ƙare ba saura. Sai tambaya ta taso, wace rana za a rubuta a matsayin ranar ganowa? Ƙungiyar ta zaɓi 12 ga wata. Duk da haka ba su yi shela ba sai ran 21, bayan wasu mutane sun sake gwajin da na'urori iri dabam da manhajoji iri dabam. A ranar shelar ita ce gagara-rabo mafi girma da aka sani, ta ture wadda aka gano a 2018 mai alƙaluma 24,862,048.

Har ila yau a lura da yadda suka auna bakinsu. Sun ce ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne. Ba su ce ita ce ta 52 a jeri ba, domin a lokacin ba a gama tantance duk ninkin da ke ƙasa da ita ba, mai yiwuwa wata tana ɓoye a tsakani. Ba su kuma ce ita ce mafi girma duka ba, domin Uƙlidis ya riga ya rufe wannan baki.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Na san akwai mai cewa: "Malam, wannan ai tsanani ne kawai. Ga lamba mai girma haka, yiwuwar gwajin Fermat ya ruɗu ya yi ƙanƙanta ƙwarai da gaske. Mene ne na jiran kwana guda?" Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba. Hasali ma, duniya da zato mai ƙarfi take tafiya. Manomi yana shuka in ya ga damina ta kankama, ba ya jiran takardar alkawari daga gajimare. Dabarar kulle saƙo da Rivest da Shamir da Adleman suka fito da ita a 1977, wadda ta zama ɗaya daga cikin makullan cinikin intanet, da gagara-rabo masu alƙaluma ɗaruruwa take aiki, kuma galibi da gwajin zato mai ƙarfi ake zaɓo su. Ba wanda ya yi laifi a nan. Ni abin da na fahimta daga karin maganarmu shi ne, aiki da zato halal ne ga wanda ya san zato yake yi. Zunubin yana wajen wanda ya ɗauki zato ya naɗa masa rawanin yaƙini ya kai wa jama'a. Malamanmu na da sun rarrabe yaƙini da zanni da shakka da wahami, kowanne da matsayinsa. Mai sayar da hatsi da ya gauraya tsohuwar dawa da sabuwa ya ce duka sabuwa ce, ya ci amana ko da tuwon ya yi daɗi.

Akwai kuma mai ja na biyu, wanda tambayarsa ta fi wuya. Zai ce: "Kai da kake wannan bayani, ka bi mataki miliyan 136 ɗin da kanka? Ba ka bi ba. Durant ma bai bi ba, na'ura ce ta bi. Ashe kai ma ji ka yi, kuma daga bakin ƙarfe." Gaskiya ne, kuma na'ura tana kuskure. A shekarar 1994 wani malamin lissafi a jihar Virginia, Thomas Nicely, yana cikin bincike a kan tagwayen gagara-rabo ya tarar ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin Pentium tana kuskuren rabawa, har kamfanin Intel ya yi asarar dala miliyan 475 wajen musanya wa jama'a.

Amsata ita ce, ji iri biyu ne. Akwai jin da in ka tambayi mai faɗa "ina hujja?" sai ya ce "ka san ko ni wane ne?" Akwai kuma jin da mai faɗa zai ce "ga hanyar da na bi, ga kayan aikin, je ka gwada." Hujjar gwajin Lucas da Lehmer tana rubuce, ɗalibin lissafi na jami'a yana iya bin ta ya gamsu. Manhajar gwajin kyauta ce. Wanda duk ya kama kuskure a ciki, suna zai yi, ba mai korarsa. Labarin Nicely ma shaida ce a kan haka, domin sake gwaji ne ya tona kuskuren. Ni da ban gwada ba, matsayina ya gaza na wanda ya gwada, kuma wajibi ne in faɗi haka: na san hujjar Uƙlidis da kaina, lambar Durant kuwa na karɓe ta ne daga shaidu masu yawa waɗanda suka bar ƙofarsu a buɗe. Duka biyu abin dogara ne, amma ba ɗaya ba ne, mai gaskiya kuma ba ya haɗa su a mudu ɗaya.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu ba za mu taɓa farautar gagara-rabo ba. Amma daga cikinmu za a sami malaman makaranta da alƙalai da likitoci da 'yan jarida, kuma jama'a za su karɓi maganarmu ba tare da sun gwada ba, don kawai an ce mun yi jami'a. Mai nazarin harshe da ya ji kalmomi biyar sun bi wata ƙa'ida ya rubuta cewa doka ce, ya tuna da Fermat da lambobinsa biyar. Mai rubuta tarihin garinsu da ya ji labari daga bakin tsoho guda, ya rubuta cewa daga bakin tsoho guda ya ji. Alƙalin da ya ga duk alamun laifi sun taru a kan mutum, ya tuna da 561, wadda ta cika kowace alama alhali ba ita ba ce. A wajen lamba, in an yi kuskure gogewa za a yi a sake rubutawa. A wajen mutum kuwa, wani lokaci kurkuku ne ko zubewar mutunci.

To, gani ya kori ji? Ya kore shi a inda ido yake iya kaiwa. Inda ido ya gaza, hujja ce take tsayawa, inda kuma mutum bai iya bin hujjar da kansa ba, sai amanar masu faɗa. Amana kuwa ba ta ɗorewa sai in masu ilmi sun saba da kalmomi uku, suna ajiye kowacce a wurinta: na sani, ina zato, an gaya mini. Allah ya sa mu iya bambancewa.